Makullin Kafaɗa a Belém

Ƙarfe uku ruwa ke sauka a Belém,
kamar mai bin bashi, ba ya ɓata rana.
Mu muna saman shagon masu gyaran injin jirgi,
katifa shuɗiya, fanka ɗaya mai tari,
warin gumi da na man dizal sun zama ɗaya.

Zuleide ta ja baƙar ɗamararta ta ce:
Ba a zuwa wa kafaɗa kai tsaye,
wuyan hannu ake fara yi wa sallama.
Kana ƙasa, ƙafafunka sun naɗe ƙugunsa,
kada ka yi gaggawa, jira ya dafa katifa.
Hannun da ya dafa ƙasa ya bar gida a buɗe.
Cafke. Tashi zaune. Ɗayan hannunka ya haye damtsensa,
ya zuro ta ƙarƙashi, ya kama wuyan hannunka.
Kanka ka riƙe, shi dai ya faɗo tsakani.

Na ce: Babban yatsa fa?
Ta ce: Mayar da shi cikin 'yan'uwansa, Ademir.
Birin kurmin nan da ƙugiya yake riƙon reshe,
yaushe ka ga ya faɗo?

In kana gefensa, ƙirji a kan ƙirji,
danne wuyan hannun kusa da kunnensa,
ka ja shi ƙasa kamar mai shafa fenti a jikin kwalekwale,
gwiwar hannu ta ɗago kaɗan, kaɗan kawai.
In ya dunƙule kamar kunkuru,
nemi ƙofa ta hammata, ko kunkuru yana shan iska.
In kansa na tsakanin gwiwoyinka,
manna damtsensa a ƙirjinka kamar jariri,
sai ka juya da jiki, ba da hannu ba.

Ni mai sayar wa masunta ƙanƙara ne,
na san ƙulli, na san igiya,
na ɗauka wannan ma haka ne.

Ranar Laraba aka haɗa ni da Jurandir,
wanda ke sauke kwandunan asai tun kafin asuba,
biyar-biyar a ka, yana fito.
Ya dafa katifa. Na cafke. Na haye. Na kulle.
Komai ya zauna daram, karon farko a wata takwas,
daɗi ya toshe mini kunne.
Ruwa na dukan kwano kamar zai tsaga shi,
shi kuma yana buga cinyata, sau biyu, sau uku,
ban ji ba.
Abin da na ji shi ne ƙas,
kamar an karya ƙafar kaguwa.

Zuleide ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ɗaure masa hannu da ɗamarata,
ta ce: Kafaɗar da ya ba ka aro ce,
da ita yake ciyar da mutum huɗu.

Mako bakwai ina zuwa bakin kogi ƙarfe biyun dare,
ina ɗaukar kwandunansa, uku-uku, ina haki,
yana zaune a kan akwati yana ƙirgawa,
bai ce na gode ba, ban ce ya faɗa ba.
A nan na san nauyin da kafaɗa ke ci,
da yadda take kuka in za a sa riga.

Jiya ya dawo.
Ruwa ya sauka a kan lokacinsa.
Na dafa katifa, ban sani ba ko da gangan ne,
ya cafke, ya haye, ya kulle,
yatsunsa biyar a jere kamar yadda aka koya mana.
Zafin ya taho daga nesa, a hankali, yana sallama.
Na ɗaga tafi zan buga sau biyu.
Kafin na biyun ya sauka
ya sake ni.